Babur Cikin Leda

Malam Almu yana da shekara sittin da uku ya sayi babur, kuma bai shawarci kowa ba, domin ya san abin da kowa zai ce. Shekara ashirin da shida ya yi yana fassara labaran duniya a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Ya fassara juyin mulki da ambaliya da jawaban shugabannin da ko a harshensu na asali ba su cewa komai. Da ya yi ritaya sai ya gano cewa mota ɗaya ce a gidansa da ke unguwar Clinton, makullinta kuma yana cikin jakar matarsa, Hajiya Sailuba, wadda har yanzu take aikin jinya a asibiti. In zai je masallaci sai an kai shi, in an idar sai ya tsaya bakin ƙofa a ɗauko shi, kamar saƙo.

Kafin rediyo malamin gona ne a ƙauyukan Ɗambatta, kuma a kan babur ya yi ƙuruciyarsa. Wannan da ya saya dogo ne, ja, mai tayoyi masu haƙora, irin wanda aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma shiga daji. Wani tsohon Bature daga wata jiha can cikin duwatsu ya kawo shi a bayan akori-kura, ya cire lambarsa, ya miƙa takardu, ya tafi.

Hajiya Sailuba ta fito ta zagaya babur ɗin sau ɗaya.

"Baban Radiyya, a wajen aikina akwai ɗaki guda na masu irin wannan. Ba na so in same ka a can, ina da aiki da yawa."

"Ni da na yi shekara tara a kansa ko ƙwarzane ban yi ba?"

"A lokacin jakuna ne abokan tafiyarka. Kuma ba dai cikin gidana ba."

Garejin gidan kuwa cike yake da shuɗɗan gangunan kayan da za a aika gida, waɗanda suka shekara shida suna shirin tafiya. Saboda haka babur ya kwana a ƙofar gida. A kwana na uku wasiƙa ta zo daga ƙungiyar masu gidajen unguwar, cikin ladabi irin na mutanen da suka riga suka yanke hukunci. Abin hawa marar lamba ba ya tsayawa a filin unguwa. Kwana goma, ko dai lamba, ko a zo da motar ja a ɗauke shi.

Malam Almu bai damu ba. Ya karanta ƙa'idar samun lamba tun daga farko har ƙarshe, abin da ko waɗanda suka rubuta ta ba lallai sun yi ba. Tsohon abin hawa sai bakanike mai lasisi ya duba shi ya sa hannu, sannan a je ofishin rajista a karɓi lamba. Ya sami rana a garejin wani Desmond a garin Lanham, ranar Talata.

Ran Asabar Idrissa ya zo ganin babur. Mutumin Damagaram ne, wato Zinder, tare suka yi aiki a rediyo, kuma tunda Malam Almu Bakano ne, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Kai bawana, wannan ne moton? Allah ya sa a kashe lafiya. Amma haka za ka kai shi gaban hukuma tsirara?"

"Tsirara kamar yaya?"

"Ba leda. Ko ɗan kabu-kabu a Zinder ba ya fita da moto haka. Ku Kanawa rowa ta hana ku sanin daraja."

Maganar ta sami Malam Almu a inda take da zafi, domin shi ma abin yana ransa. A gida, duk wanda ya sayi babur, kafin ya kai shi ko'ina sai ya kai shi wajen mai leda, a naɗe tanki da murafu da kowane ƙarfe, don kada rana ta ci fentin, kada kuma mutane su ɗauka marar gata ne. Idrissa kuwa da wannan sana'a ya yi karatun sakandare. Ya buɗe bayan motarsa, sai ga nannaɗin leda mai gam, kore da ruwan zinariya, da reza, da na'urar busar da gashi ta matarsa.

Sun wuni suna yi. Idrissa ya tuɓe riga, hannunsa ya tuna abin da kansa ya manta. Yana ja, yana hura zafi, yana gogewa da babban yatsa har leda ta kwanta kamar fata. Bai bar wuyan babur ba, bai bar ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera ba, inda ko ƙuda ba ya leƙawa.

"Nan ma?" in ji Malam Almu. "Akwai wata 'yar takarda a manne."

"Surutun kamfani ne. Mai aiki na gaskiya ba ya barin wuri don ba a gani. Wala, shi ke nan."

Da la'asar babur ya fito kamar ango. Maƙwabciyarsu, wadda kowa ya san ita ce marubuciyar wasiƙun ƙungiya, ta tsaya da karenta ta daɗe tana kallo.

Ranar Talata suka ɗora shi a motar haya suka tafi Lanham. Desmond ƙato ne mai furfura, ɗan Kumasi, ya tashi kusa da zango, yana jin Hausa irin ta can. Ya ga babur, ya cire tabarau, ya mayar.

"Alaji, wa ya yi wannan aiki?"

Idrissa ya matso gaba.

"Ya yi kyau," in ji Desmond. "Shekara talatin ban ga irinsa ba. Yanzu a cire."

Ya yi musu bayani yana share hannu. Kamfanin yana ƙera wannan babur iri biyu, kamar tagwaye. Ɗaya an auna hayaƙinsa an yarda ya hau titi. Ɗayan na daji ne kawai, ko an ɗaura masa fitila da madubi da hon, na daji ne. Jihar da ya fito ba ta cika tambaya ba, nan kuwa ana tambaya. Abin da yake so ya gani shi ne lambar da aka buga a wuyan babur, da wata 'yar takarda mai ruwan azurfa da kamfani ya manna a ƙarfen ƙarƙashin kujera, wadda ta faɗi ko wane ne daga cikin tagwayen.

Malam Almu ya juya ya dubi Idrissa.

"Surutun kamfani," ya ce.

"Tana nan ai. Ban cire ba, rufe ta na yi. Kariya ce ma."

Wuyan bai ba da wahala ba. Da aka zo ƙarƙashin kujera Idrissa ya karɓi reza ya ce kowa ya matsa, aikin gwani ne. Ya tsaga gefe, ya kama da farce, ya ja a hankali. Ledar ta taso. Takardar ma ta taso tare da ita, ba gaba ɗaya ba, gutsi-gutsi, domin da gangan ake yin irinta ta rududduge in an taɓa, don kada a cire ta daga wani babur a manna wa wani. A jikin ƙarfe ba abin da ya rage sai danƙon gam. Rubutun kuwa, fentinsa ya kama ledar Idrissa sarai, kowane harafi, amma a juye.

Malam Almu ya karɓi ledar, ya kai ta gaban madubin babur, ya gyara tsayuwa. Da muryar da ta karanta labaran rana shekara ashirin da shida ya karanto abin da ke cikin madubi, yana fassarawa kai tsaye: wannan babur ya cika ƙa'idojin hayaƙi na baburan da ke hawa babban titi.

"Ka ji," in ji Idrissa. "Na titi ne. Sa hannu, patron."

"Na ji, na kuma gani," in ji Desmond. "Ledarka ta cika ƙa'ida. In kana so a yi wa ledar rajista, bismilla. Ni abin da na gani a jikin babur nake sa wa hannu, in ba haka ba lasisina ya tafi."

"To mece ce mafita?" in ji Malam Almu.

Mafita biyu ce. Ta farko a yi masa takardar babur ɗin daji, a ba shi sitika, ya riƙa hawa a hanyoyin da aka keɓe cikin gandun daji can yammacin jiha, tafiyar awa uku a mota, babur na bayanta a ɗaure. Malam Almu ya ce shi masallaci yake son zuwa, ba farauta ba. Ta biyu, dila ya rubuta wa kamfani a aiko da sabuwar takarda. Desmond ya buga waya a gabansu. Mako shida, in an yi sa'a.

Ranar Juma'a wa'adin ƙungiya zai cika. Malam Almu ya roƙi Desmond ya ajiye babur, Desmond ya nuna masa garejin, inda shi kansa a karkace yake wucewa. Idrissa kuwa a hawa na uku yake zaune a College Park, ba lifta.

"Da a Zinder ne," ya fara.

"Da a Zinder ne da ba a ƙirƙiro takarda ba tukuna. Yi mini shiru," in ji Malam Almu.

A hanyar dawowa Malam Almu ya shirya jawabinsa. Ya san matarsa ba ta janye magana. Maza masu mata suna yawan kuka da wannan hali, kamar akwai wani abu a gida marar mace da ya fi shi daɗi. Ya tsara dalilai uku, ya kuma yanke cewa in ta ƙi, zai sa babur a kasuwa gobe, ya koma tsayuwa bakin ƙofar masallaci.

Sun same ta ta dawo daga aiki, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Ta dubi babur, rabi ango rabi feɗaɗɗe, ledar na reto a gefe. Malam Almu ya fara dalili na farko. Ta katse shi.

"Tsaya. Ba lamba ke nan?"

"Ba lamba."

"In ba lamba ba ya hawa titi."

"Na ɗan lokaci ne, mako shida kawai."

"Ko nan da kanti ba za ka je da shi ba?"

"Doka ta hana."

Hajiya Sailuba ta yi ɗan tunani. Sannan ta buɗe ƙofar falo gaba ɗaya, ta janye teburin tsakiya da kanta, ta ɗauko tsohuwar shimfiɗa ta baza kusa da kabad ɗin kwanuka.

"A zuƙe man da ke ciki tukuna. Ku shigo da shi a hankali, kada ku goge mini bango."

Malam Almu ya tsaya da sauran dalilansa biyu a baki, ba wanda ya nema. Suka turo babur ya haye dakali, ya tsaya tsakanin talabijin da kujerar baƙi. Ya dafa tankin. Bai rasa shi ba, abin da ya sani ke nan, sauran kuma ba ya son ya bincika.

Idrissa ya fara laluben takalmansa, yana neman sulalewa kafin a tuna da shi.

"Malam Idrissa, ina za ka? Zauna, akwai farfesun kaza."

"Hajiya, wallahi kuskure ne, ban san..."

"Wane kuskure? Aikinka ya yi kyau." Ta zuba masa, ta ƙara cinya, abin da ba ta taɓa yi masa ba cikin shekara ashirin. Ta rage murya, amma ba yadda mijinta ba zai ji ba. "In sabuwar takardar ta zo, ka zo ka sake rufe wurin nan da kyau. Ledar ta rage ko in sayo?"