Akwatin Kaka da Ya Ƙi Ɗaguwa

A gidanmu kowa ya san akwatin Kaka ba ya ɗaguwa. Na katako ne, baƙi wuluk, mai hannayen igiya. Shekara talatin Kaka yana yawo da shi a jirgin ruwa, a matsayin kyaftin, in ji mu. Da ya dawo ya dire shi a ɗakin bene, ya ce duk wanda ya ɗaga shi shi kaɗai, nasa ne. Kawunnanmu uku sun gwada. Biyu har yau a karkace suke tafiya.

Ranar da za a rushe gidan don faɗaɗa titi, direban katafila ya ba mu awa ɗaya mu kwashe kayanmu. Ni kuwa wata biyu ina ɗaga jarkar ruwa a ɓoye, ni da tumbina.

Yayata ta dube ni sama da ƙasa. "Auta, kai da matarka ke buɗe wa murfin kwalba?"

"Yaya, matsa kar ki ji ciwo."

Na durƙusa, na kama igiya, na yunƙura. Wani abu ya yi ƙara, na ɗauka akwatin ne ya motsa. Ashe wandona ne. Yaya ta zube kan gado tana dariya har da hawaye, direba yana ta danna oda a ƙasa.

"Ai Kaka bai ce kar a kwashe na ciki ba," ta ce, ta ɗaga murfin da tsoron Kaka ya hana mu taɓawa.

Babu zinariya. Tsohon bargo ne, da farar hular kuku, da wani ƙaton ludayi.

"Ga sandar kyaftin ɗinka," ta ce, ta miƙo min.

Da ta janye bargon sai ga noti huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, sun ratsa har cikin katakon daɓe. A jirgi haka ake ɗaure akwati don kada igiyar ruwa ta yi gaba da shi. Kaka dai bai taɓa yarda ƙasa ta daina rawa ba. Wato shekara da shekaru gidan muke ƙoƙarin ɗagawa.

Kafin in miƙe, Yaya ta leƙa taga ta aro sifana wurin direba. Ta kwance notin, ta sungumi akwatin kamar kwandon wanki, ta sauka tana 'yar waƙa.

Na biyo ta a karkace, ludayi a hannu ɗaya, wando a ɗayan.