Kwabo ɗaya a zauren Malam Kolo

Shekara arba'in mutanen Kabara suna kawo wa kakana, Malam Kolo, rabon gado a zaurensa. Da idonsa ya fara yana, sai na ga ana tsallake ƙofarmu a tafi wani wajen, kuma abin ya yi mini ciwo. Lokacin na gama karatun kwamfuta, ina ji da kaina. Na ce zan rubuta masa manhajar da za ta riƙa lissafin, shi nasa kawai faɗin hukunci.

Sati biyu na gama. Ya ce in gwada da naira dubu ɗari, magada maza uku. Na karanta masa kason kowa, ya shiga ƙirgawa da yatsu.

"Amarya, kwabo ɗaya ya ɓata."

"Haba Malam! Wa ke ganin kwabo a zamanin nan?"

"Mai shi zai gan shi ranar da za a tambaye ni. Kwashe kayanki."

Haushi ya cika ni, don ya fi ni gaskiya. Na ajiye kuɗin ne a nau'in lambar da muke kira float, mai ɗigo, wadda kintace take yi, ga shi kuma na datse jelar lissafin don ya yi kyan gani. Kwana biyu ban kai masa kunu ba. A na uku ya aika a kira ni.

"Mu ba ma fasa lamba," in ji shi. "Asali muke nema, kamar ashirin da huɗu, wanda sulusi da tumuni za su fita cif. Abin da ya ƙi rabuwa a ajiye shi gaban magada, su yafe wa juna da bakinsu."

Na rushe aikin kaf. Na mayar da kuɗin kwabo-kwabo a cikakkiyar lamba, kaso kuma lamba sama da lamba ƙasa, kamar ɗaya bisa uku, ragowa ta fito a layinta daban. Mutane suka dawo. Yana daga kan buzunsa yana faɗa, ni ina dannawa, yana tsokanata wai na fi shi tsufa. Har yau ina kewar hantsin nan.

Gado huɗu muka raba tare. Na biyar nasa ne. Kawu Jibrin, babban ɗansa, ya ce ni zan karanta. Da na zo layin ƙarshe, sai na karanta wa magada: ragowa, kwabo biyu. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun yafe.