Wuyan Baba a Gefen Taswira

"Ba zan kawo shi ba, yallaɓai."

Shugaban ofishinmu ya ajiye biro, ya dube ni ta saman tabarau. Aikina zanen taswira ne: ina shafa wa yankuna launi gwargwadon yawan masu sankarar bayan hanci. Inda cutar ke ja da baya kore, inda take ƙaruwa ja. Namu yankin ya yi jawur. Masu ba da tallafi na tafe, shi kuma yana son mai cutar ya tsaya a gefen taswirar. Ya ji labarin Baba na fama da ita.

"Tsayuwa ce kawai," in ji shi. "Ya buɗe wuya su ga kumburin, su kuma su sa shi sahun gaba wajen gashin sankara da na'ura a asibiti."

"Ubana ba kayan baje koli ba ne."

Na fito kai a sama, na wuce shagon Baba. Na tarar yana gogar ƙafar kujera, tawul naɗe a wuya, auduga a hanci saboda haɓo. Kunnensa na hagu ya toshe, sai na zagaya dama na kwashe labarin na faɗa masa, ina jiran sa albarka.

Ya hure garin katako daga hannunsa.

"'Yar boko, wuyan wa za a buɗe, nawa ko naki?"

"Baba, mutunci..."

"Har ɗaliban likita sun yi layi sun lalube wuyan nan kamar masu zaɓen kabewa. Wace kunya ta rage?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ko dai abokan aikinki ne ba ki so su ga kafinta da garin katako a gemu?"

Na rasa inda zan sa idona. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

"Koma ki ce na yarda."

"Ba zan iya tsayawa ina nuna ka da sanda ba, Baba."

Ban koma ba. Ranar taron wani tela aka kawo. Ni na riƙe sandar, na nuna jan yankin, shi kuma ya kwance mayafin wuyansa yana kallon takalmansa.

An fara yi wa telan gashi. Baba na nan a layi. Ni nake kai shi asibiti, ni nake wanke tawul ɗin, Mama kuwa tana miƙo mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Har yau ban yarda a tsayar da mutum a yi ta kallon ciwonsa ba. Amma ni na ƙi, Baba ne ya rasa gurbinsa, kuma yanzu kunnen daman ma ya fara toshewa.