Aurakin Pisoti

A garin Gebtu, in uwarka ta haife ka da jan gashi, to ta gama da kai. Pisoti mai sayar da ruwa ya san haka tun yana rarrafe. Ɗan Set ake kiransa, da sunan ubangijin hargitsin nan da ya kashe ɗan'uwansa Usir; shi Set ɗin ja ne, da kan jaki ake zana shi. Mata na sayen ruwansa, amma sai sun tofar da yawu gefe kafin su taɓa tulun. Kuma don abin ya cika, jakinsa Pashe auraki ne, ja kamar sabuwar tukunya. Tare suke sauka kogi, tare suke raba gurasar sha'ir.

Gida ɗaya ne ba a tofa masa yawu: gidan Apa Pamin, malamin masu sani, waɗanda ke taruwa a ɓoye bayan rumbunsa suna wankan tsarki. "Jiki riga ce, ɗana," in ji Apa, "a cikinka akwai ɗigon haske." Ba a taɓa gaya wa Pisoti magana mai daɗin wannan ba. Tun ranar, shi da Pashe ke cika musu kwarmin wanka.

Sai bikin shekara ya ƙarato, wanda ake jefo jan jaki daga kan dutse don a wulaƙanta Set. Bana auraki ya yi wuya. Masu haikali suka zaga gari, suka tsaya kan Pashe, suka ɗaura masa igiyar kaba a wuya. Pisoti ya ruga gidan Apa, don ƙanwar Apa ce ke auren babban mai haikali, kalma ɗaya ta isa.

Apa ya saurara, sai fuskarsa ta washe.

"Zauna, zauna! Kai, abin nan da daɗi yake. Mutanen nan gaskiya suke aikatawa ba su sani ba. Ya aka haifi Set?"

"Apa, jakina nake..."

"Ɓarke gefen uwarsa ya yi ya fito, ba lokaci, ba ta hanya ba. To Makaho fa, wanda ya ƙera duniyar nan? Uwarsa Hikima ce, can a sama, ta so haihuwa ba da abokin zamanta ba, ta yi ɓari, ɓarin, wato shi Makaho, ya miƙe ya wage baki ya ce babu wani sai shi. Wannan ba kukan jaki ba ne? Cikin masu gadin da ya zuba a ƙofofin sama ma akwai mai fuskar jaki. Set ya rufe Usir a akwati, Makaho ya rufe haske a jiki. Ka gani?"

"Na gani, Apa. Amma Pashe bai ƙera duniya ba. Ruwa yake ɗauka, har da na wankanku."

"Ciwonka ke nan, ɗana, kana son kurkukunka. Ni in je in roƙa wa hoton Makaho rai? Haba!"

Ya miƙo masa dabino. Pisoti bai karɓa ba. Ya juya ya fita.

Ranar biki da hantsi gari ya fita, da ganguna da giyar sha'ir. A gindin dutsen Pashe ya kafe. Jaki dai jaki ne, ba ya hawa inda bai sani ba. Suka ja, suka tura, suka sa masa tsumagiyar dabino har baya ya fashe, bai ɗaga kofato ba.

"Ku kira ƙanensa mana!" wani ya yi ihu. "Kai Ɗan Set, zo ka lallashi yayanka!"

Aka kwashe da dariya. Pisoti ya dubi jinin da ke bin ƙafar Pashe. Ko ya je ko bai je ba, dutsen nan sai an hau shi. Abin da ya rage kawai, da duka ko ba duka. Ya ratsa taron, ya kwance igiyar, ya kaɗa harshe yadda yake yi kowace safiya. Pashe ya girgiza kunne ya bi shi, tiƙis-tiƙis, kamar kogi za su.

A can sama jakin ya cusa hanci a tafin hannun Pisoti yana neman gurasa. A haka ƙartai suka tura shi.

Pisoti bai leƙa ba. Jama'a ya duba, ya hango Apa Pamin a inuwar laima, yana nuni da yatsa, yana yi wa almajiransa bayani, suna gyaɗa kai.

Washegari ya ɗaura tuluna a sanda, ya saɓa a kafaɗarsa. Yana haurowa daga kogi yana nishi, Apa ya leƙo daga ƙofa.

"Yawwa, ɗana! Kwarmi ya bushe, yau kuwa ranar wanka ce."

Pisoti ya gyara sandar a wuyansa.

"Ruwan nan ma ai Makaho ne ya yi shi, Apa. Kada in ƙara muku kurkuku."

Ya wuce zuwa ƙofar gaba. Matar gidan ta fito, ta tofar da yawu gefe, ta miƙo tukunya. Ya cika mata har baki. Ita dai ko ba komai, a fili take tofawa.