Kan Tsutsa ta Ƙarshe

Shekara ashirin da bakwai Damaris Bulus ta yi tana aiki a ɗakin bincike na wata cibiya da ke bayan Kakuri a Kaduna, kuma duk wanda ka tambaya a wurin me ta fi iyawa, amsa ɗaya zai ba ka: yankan kan tsutsa. Kada ka yi dariya, aiki ne da ya gagari masu digiri. Tsutsar da ake magana ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, ga ta siririya kamar zaren ɗinki. In ana son ganin bakinta da kyau, sai an sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a datse kan da tsinin reza, sannan a tsayar da shi a kan gilashi yana kallon sama. Abin tsayarwar kuwa gashin ido ne guda ɗaya, manne a bakin tsinken tsintsiya. Damaris daga idonta take cire nata.

A bana ne aka samo wasu tsutsotsi huɗu a hanjin wata tarwaɗa da aka kama a kududdufin bayan masana'antun Kudenda, namiji ɗaya da mata uku. Dakta Nkiruka, shugabar ɗakin, haifaffiyar Sabon Tasha wadda Hausa ta zauna a bakinta ɗaram, ta kwana biyu a kan namijin tana aunawa. Wutsiyarsa a lanƙwashe take, da ƙayoyi biyu na barbara, na hagu ya ninka na dama sau uku a tsawo. A gefen wutsiyar akwai 'yan ƙuraje layi biyu, goma sha ɗaya a kowane layi, alhali danginsa da aka sani tara-tara gare su.

"Anti Damaris, wannan ba ya cikin littafin kowa," in ji Dakta. "Sabon jinsi ne. Amma masu mujallar kimiyya ba za su karɓa ba sai sun ga hoton bakin daga gaba. Namijin ba a taɓa shi, shi za mu adana shaida. Ga matan nan uku, na bar miki."

Abin da Dakta ba ta sani ba shi ne, tun bayan bikin Ista hannun Damaris na dama ya fara rawa. Ba wata rawa ce mai yawa ba, tana tuƙa tuwonta, tana zura zare a allura in ta dage. Amma a ƙarƙashin madubi 'yar rawar nan sai ta zama girgizar ƙasa. Tsutsa ta farko rezar ta murƙushe mata kai. Ta biyu an yanke lafiya, wajen tsayarwa gashin ya zille, kan ya bi giliserin, ruwan nan mai kauri da ake ɗiga wa gilashin, ya ɓace, ta yi awa biyu tana nema ba ta gan shi ba. Ta ce wa Dakta tsutsotsin ne suka yi taushi a sifirit ɗin da aka adana su ciki, kuma wallahi ƙaryar ta fi ɓarnar yi mata ciwo.

Saura ɗaya ke nan. Komawa kududdufin ma ba ta taso ba, tuni aka cike shi da ƙasa ana gini a kai. In wannan ta lalace, aikin Dakta na shekara guda ya tafi, tsutsar kuma ta tafi ba suna.

Ranar Asabar da hantsi Damaris ta hau keke mai ƙafa uku daga gidanta a unguwar Television, ta haye gada zuwa Tudun Wada, don wayarta ta daina caji. Shagon Malam Mustapha aka nuna mata, wani magidanci mai furfura a gemu, wanda ya fara da gyaran agogo kafin waya ta kashe kasuwar agogo. Ta zauna a benci tana jira. Can ta lura mutumin ya kifa ido a kan madubi irin nasu na ɗakin bincike sak, yana ɗaga wani abu da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki. Hannun nan ko motsi, kai ka ce a jikin teburin aka sassaƙa shi. Ta daɗe tana kallo, kishi ya kama ta, kunya ta biyo baya.

"Mama, ga wayarki, datti ne kawai ya toshe bakin," in ji shi.

Ba ta karɓa ba. Ta miƙa hannunta na dama a gabansa, ta buɗe yatsun, suka kalle shi tare yana karkarwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Malam Mustapha, ka taɓa yanka tsutsa?"

"Tsutsa kuma? Mama, ni ko kaza matata ke kai wa maƙwabci."

Ta yi masa bayani tun daga tarwaɗa har zuwa mujalla. Ya saurara yana shafa gemu, ya ce shi dai bai ga abin da za a yi da bakin tsutsa ba, amma tunda Allah ya yi mata baki, ai ba laifi a duba.

Litinin da safe ya zo cibiyar cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Dakta tana taro a sama. Damaris ta fara ba shi zaren auduga ya yi ta datsawa, ya yi sau goma, tana tsaye a kansa tana mita.

"Ba sara ake yi ba, ba nama ba ne. Ɗora bakin rezar, ka bar nauyinta ya yi aikin."

"To, Mama."

"Kuma ka daina numfashi a kan gilashin."

"In daina numfashi gaba ɗaya, ko a kan gilashin kawai?"

Ta harare shi, amma ta ji sanyi a ranta. Mai iya wasa a irin wannan lokaci hannunsa ba zai ba shi kunya ba.

Ta ɗauko tsutsa ta ƙarshe ta shimfiɗa a ɗigon giliserin. Madubin mai wurin leƙawa biyu ne, na koyarwa, shi yana gefe ɗaya ita tana ɗayan. Jikin ya yi garau, har ana ganin maƙoshin, gaba siriri mai tsoka, baya mai kauri, da zaren jijiya da ya zagaye shi kamar zobe.

"Ka ga zoben nan? Kada ka kai gare shi. Matsa gaba. Ƙara kaɗan. Ka wuce, dawo. Nan."

Ya ce bismillah a hankali, rezar ta sauka. Kan ya rabu, shar, ba ko ɓaraka. Ta miƙa masa tsinken nan mai gashin idonta, wanda ba ta taɓa barin kowa ya riƙe ba, tana faɗa masa ta inda zai tura. Sau biyu kan yana faɗuwa ta gefe, a na uku ya tsaya.

Damaris ta mayar da gilashin zuwa babban madubi, ta juya har hoton ya fito. Leɓɓa uku, kowanne da 'yan ƙuraje a bayansa, wannan an saba gani. Amma a cikin bakin akwai wata da'ira ta ƙananan haƙora, jere reras kamar bakin zarto, abin da ba ta taɓa gani a danginsu ba duk tsawon aikinta. Ta ƙirga sau uku, goma sha takwas take samu. Ta matsa ta ba shi wuri ya leƙa.

"Ikon Allah," in ji Malam Mustapha. "Duk wannan shiri a cikin hanjin kifi, ba mai gani."

Ya sha ruwa ya yi sallama, ya ce masu waya na jiransa. Bai jima da fita ba Dakta Nkiruka ta sauko. Ta kifa ido a madubin. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Goma sha takwas. Anti, shi ke nan, mun samu. Ni dama na faɗa, a duk Kaduna babu hannu irin naki."

Da Damaris ta yi shiru, da maganar ta wuce a haka, ba mai tonawa. Ta ji daɗin yabon har cikin ƙashinta, shekara ashirin da bakwai da shi take rayuwa. Sai ta zaro hannun daga aljihun farar rigarta, ta ɗora a kan teburin kusa da madubin, ta bar shi yana rawarsa.

"Ba hannuna ba ne, Dakta. Biyun farko ma ba sifirit ya ɓata su ba, ni ce. Wanda ya yanka wannan sunansa Mustapha, mai gyaran waya a Tudun Wada. Ki sa sunansa a takardar."

Dakta ta dubi hannun, sannan ta ɗora nata a kai.

"Wa ya nuna masa inda zai yanka?"

"Ni."

"Wa ya ƙirga haƙoran?"

"Ni ce."

"To zauna ki sake ƙirga min su, ina rubutawa."

Damaris ta ja kujera. Da hannun hagu ta juya madubin.