Tukunyar da Na Ƙona da Gangan

Ranar da aka kira ni daga asibiti, a watan Yunin 2020, tuwo ne a kan wuta. Korona ta ɗauke maigidana Badaru. Na yi salati, na kashe gas, na zauna daɓas a ƙasan kicin ɗinmu na unguwar Al Qusais a Dubai.

Aikinsa zanen bangon faifai ne na masu kiɗan rok, kiɗan nan da ake ihu kamar an taka wa mutum ƙafa. Samarin sun fi son ƙoƙon kan mutum da macizai. Shi kuwa ya ce ba zai zana mai rai ba.

A 2016 da na zo Dubai ban saba da gas ba, na ƙona tuwo. Ina shirin kankare ƙanzon cikin kunya sai ya riƙe hannuna.

"Turai, tsaya! Kada ki taɓa."

"Baban Sauda, ƙanzo ne fa."

"Ke ce kika ga ƙanzo. Ni wata nake gani ya kama da wuta."

Ya ɗauki hoton cikin tukunyar, ya gyara a kwamfuta, ya zuba masa ja. Jomar, wani Bafilifine mai kaɗa jita, gashi har gadon baya, ya gani ya daka tsalle. Faifansu uku aka yi da ƙanzona. Da hannuna ya saba da gas, sai Badaru ya riƙa jana da hira don in manta da wuta. Ina gane shi sarai. Wani lokacin in kore shi da muciya, wani lokacin in bar shi.

Da na fita takaba Jomar ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa. Da guntun Larabcinsa da nawa muka fahimci juna. Faifai na huɗu ya kammala. Badaru ya tsara rubutun bangon, ya bar tsakiya fili. In ba a samu hoto cikin mako ba, za a sa zanen wani da sunan wani.

"Mama, tukunya ɗaya. Shwaiya kawai," in ji shi, wai ko kaɗan ne in ƙona masa.

Na yarda, na ɗora tuwo. Tukunyar farko ta yi baƙi ƙirin, ba fasali. A ta biyu ƙararrawar hayaƙi ta tashi, mai gadi ya hauro yana haki, wai ya isa haka, "Khalas, Mama, khalas!"

Sai na tuna duk waɗanda Badaru ya ɗauka na mantuwa ne. Na ɗora ta uku, na juya mata baya, na soma ba shi labari kamar yana jingine da firji: 'yarmu Sauda ta haihu a Kano, namiji, an sa masa sunansa, hancin ma nasa ne, Allah sarki yaron. Ina cikin dariya da hawaye ƙauri ya iso. Na leƙa. Wata ne, har da zobe.

Faifan ya fito a 2021 da hoton ƙanzon a tsakiya, sunan Badaru a ƙasa. Kiɗan har yau ciwon kai yake sa ni. Amma kullum in na kwashe tuwo, sai na kai tukunyar bakin taga na duba cikinta tukuna, kafin in zuba ruwa.