Wuta ta Kan Katanga

Ranar da Zuhura ta tare a Bauranya, ruwan sama ne ya yi mata maraba. Itacen da suka ɗauko daga Kankiya ya jiƙe sharkaf, ta ƙarar da ashana murhu bai ko yi hayaƙi ba. Ga tsohon ciki, ga mijinta Harisu ya fita acaɓa Kusada.

Tun da safe Kubura, ƙanwar liman, ta ja mata kunne. "Gidan da ke jikin naki na Ma'u ne, uwar 'yan bori. In anka gan ki ƙofarta, ranar sunanki ke kaɗai za ki ci tuwonki." Zuhura ta tsorata ƙwarai, don mahaifiyarta ta rasu, kuma ba ta da kowa a garin sai matan unguwa.

Amma yunwa ba ta san liman ba. Ta ɗauki kasko ta nufi ƙofa za ta ɗebo wuta gidan Ma'u, sai wata murya ta tsallako katanga.

"Tsaya nan, ɗiyata. Baƙuwa ce ke, sunanki bai yi ƙwari ba. Miƙo kaskon ta sama."

Hannu mai lalle ya dawo da shi cike da garwashi. Haka suka zauna wata guda: wuta, daddawa, gaisuwa, duk ta kan katanga. Kowace Alhamis sai garayar bori ta ɗauka a gidan Ma'u, mata su tofar da yawu a hanya. Zuhura kuwa takan ji muryoyin wasunsu a can ciki, ta rufa musu asiri. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Naƙuda ta zo mata wata Alhamis da azahar, wasan bori ya yi zafi a gidan Ma'u, mutane sun zo har daga Dudunni. Ƙara ɗaya Zuhura ta yi, garaya ta mutu. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin Ma'u ta katse wasa ba, ko ranar da rumbunta ya kama wuta. Tsohuwar ta taka turmi ta haura katanga, zane a ɗaure, ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi, ta aika a kira Harisu. Kafin matan unguwa su iso ta koma ta inda ta fito.

Ranar suna gida ya cika, tukwane uku na tafasa a tsakar gida. Zuhura ta hango ƙwaryar fura an ɗora a kan katanga, babu mai ita. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta miƙa jaririyar ga Kubura, ta ɗauki kaskon nan.

"Ke! Mai jego ba ta hita," in ji Kubura. "Mi kike nema?"

"Wuta."

"Ga wuta har uku gabanki!"

"Ba wagga ba, Iya."

Ta fita ta ƙofar gida, maza na zaune a tabarmi suna kallonta, ta tsaya a ƙofar Ma'u ta yi sallama da ƙarfi. Can sai aka ji takun tsohuwa tana neman takalmi.

A cikin gida Kubura ta dubi cibin jaririyar, ta ga ɗaurin Ma'u, wanda ta sani a cibin 'ya'yanta biyar. Sai ta matsa gefe a kan tabarma, ta bar wa tsohuwar wurin zama.